Wata 14 da yi min dashen gashi, ga yadda abin ya kasance

Tun ranar da na shiga kasuwa ba hula mutane suke tare ni da tambaya, wasu a gaban shago wasu kuma sai dare ya yi su biyo ni ta WhatsApp, kuma kusan kowa abu biyu yake so, nawa ka kashe, sannan turo min lambar wajen. Ni kuma na ƙi tura lamba haka kawai, har wani abokina ya ji haushi yace rowa nake yi. Wallahi ba rowa bace. Abin ne ba na lamba bane, in na tura maka lamba kawai ka tashi ka tafi aka ɓata maka ƙeya, da wane ido zan kalle ka. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya yadda ya faru da ni, wanda zai iya karantawa ya karanta.

Sanƙo gado ne a gidanmu, kakana na wajen uwa yana da shi, kawunnaina biyu ma haka, amma su duk sai da suka manyanta. Ni ina ɗan shekara 27 ya fara min. Mai askina ne ya fara lura, yana gyara min gaban goshi sai ya tsaya yace yallaɓai gefen nan biyu fa suna ja da baya, kullum sai na ƙara shigar da layin ciki. Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Bahaushe ai yana da rufin asiri da wasu ba su da shi, hula. Ka kafa zannarka ko damanga ka fita, ba wanda ya san me ke ƙarƙashi, in ma an gani sai ace maka ai alamar arziki ne, a yi dariya a wuce. Ni ma na dinga faɗin hakan da bakina alhali a raina abin yana ci na. Kafin in kai 32 na zama mutumin da ba ya cire hula ko a ɗakin abokai, in zan yi alwala a masallacin kasuwa sai in ɗaga ta kaɗan in shafa da sauri in mayar, ƙwallon da muke bugawa da yamma ma na daina zuwa, nace gwiwa ce ke damuna.

Inda abin ya tsaya min a rai shi ne Umara, a 2019. Mai harami ba ya rufe kai, kowa ya san wannan, amma ni sai a ranar na gane cewa rabon da in yi awa guda cikin mutane kaina a buɗe an yi shekaru. Muna ɗawafi zuciyata tana zuwa kan kaina tana dawowa, na ji kunyar Ubangijina sosai, ga ni a gaban Ka'aba amma ina tunanin wa yake kallon tsakar kaina. Da muka koma masauki wani abokin tafiya ya nuna min hoton da ya ɗauke mu daga sama, a nan na fara ganin tsakar kan nawa yadda mutane suke ganinta. Ban ce komai ba, amma daren nan ban yi barcin kirki ba.

Daga nan na shiga neman magani irin yadda kowa ke yi. Man habbatus sauda, man zaitun, ruwan albasa da dare har maiɗakina ta dinga canza rigar filo kullum ba ta taɓa yin ƙorafi ba, man darbejiya, wani haɗi da na saya a Instagram da tsada aka ce cikin sati 3 zai fito. Ba na cewa waɗannan abubuwan ba su da amfani a jiki, amma sanƙon gado ba bushewar fata bane balle mai ya gyara shi. Daga baya likita ya yi min bayani, akwai wani sinadari a jikin namiji da ake kira DHT, daga sinadarin mazantaka yake samuwa, shi ne yake bin saiwar gashin gaban kai da tsakar kai yana tsuke ta a hankali, gashin ya dinga fitowa siriri gajere har wata rana ya daina fitowa. Shekara kusan 4 na ɓata ina shafe-shafe, da a shekarun nan na je wajen likitan fata da watakila ma ban kai ga wuƙa ba. Wannan ita ce nadamata ta farko kuma ita ta fi yi min ciwo har yau.

Ni ɗan kasuwa ne a Kwari, ina zuwa Istanbul sarin kaya, unguwar Laleli muka fi sauka. Duk wanda ya taɓa zuwa garin nan ya ga abin da zan faɗa, maza a titi da a filin jirgi kansu a aske, an ɗaura musu baƙin ƙyalle a goshi, ƙeya da bandeji, gaban kai ja-ja-ja da ɗige-ɗige. Larabawa, Turawa, Indiyawa, jefi-jefi baƙar fata. Da farko tsoro abin yake ba ni, a hankali ido ya saba, har na fara tambaya. Kuma dama tun 2011 da Wayne Rooney ya fito da kansa ya faɗa wa duniya an yi masa dashe yana ɗan shekara 25 na san ana yi, kawai na ɗauka abin na masu kuɗin ƙwallo ne.

Farkon 2023 na haɗu da wani dillali ta waya, yana jin Turanci da Larabci, bakinsa kaman zuma. Na tura masa hoton kaina guda huɗu, ko minti 20 ba a yi ba ya dawo min da amsa wai likita ya duba, za a dasa min saiwa 5,000, dala 1,800 har da otal kwana uku da motar ɗauko ni da mai fassara. Na ba da kafin alƙalami dala 200. Da na je garin sarin kaya sai na ware rana guda aka zo aka ɗauke ni. Wajen ya haɗu ba ƙarya, gilasai, kujeru masu laushi, ana ta kawo shayi a ƴan ƙananan kofunansu. Amma mutane ne a jere kaman layin awo, na ƙirga waɗanda za a yi wa a ranar sun fi goma. Wanda aka ce shi ne likita ya shigo, ya ɗauki alƙalami ya zana min layi a goshi, ƙasa sosai kaman na ɗan shekara 18, bai taɓa ƙeyata da hannunsa ba, bai tambaye ni ko ina da wani ciwo ba, duka-duka bai yi minti goma ba ya fita. Na tambayi mai fassarar nace shi ne zai yi aikin, yace a'a ma'aikata ne za su yi, shi yana zagayawa. Nace a nuna min hoton baƙaƙen fata da aka yi wa a nan, aka daɗe ana lalube a waya sannan aka nuna min biyu, duk gaban kai aka ɗauka, ba ko ɗaya da ya nuna ƙeya. Jikina ya yi sanyi, nace su ba ni zuwa gobe.

Da daddare na je cin abinci wajen Aksaray inda ƴan Afirka ke taruwa, Allah ya haɗa ni da wani bawan Allah ɗan Afirka ta Yamma, da Larabcinmu na kasuwa muka fahimci juna. Ya ga sauran layin alƙalamin a goshina sai ya gane, bai yi dogon bayani ba, ya cire hularsa ya juya min baya. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ƙeyar kaman gonar da fara ta bi, nan da gashi can babu, fili-fili, ga tabo ya yi fari-fari a baƙar fata. Gaban kan da aka dasa kuma ɗai-ɗai ya fito. Yace shekara biyu kenan, ya dawo ne neman gyara, duk inda ya je sai ace masa ba sauran abin da za a ɗiba. Na bar musu dala 200 ɗin, ban ko koma karɓa ba. Araha ba ta ado, amma maganar gaskiya ba arahar ce ta kore ni ba, ƙeyar mutumin nan ce.

Da na dawo Kano sai na yi abin da ya kamata in fara yi tun farko, na je wajen likitan fata. Dattijo ne mai haƙuri, ya sa wani ɗan madubin ƙara girma ya bi kaina lungu-lungu. Shi ne ya fahimtar da ni abin da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe ko da ya manta sauran. Dashen gashi ba ya ƙara maka ko gashi ɗaya. Naka ne ake cirowa daga ƙeya da gefen kunne a mayar gaba, saboda gashin wajen nan DHT ba ya cin sa yadda yake cin na gaba, kuma in aka matsar da shi yana tafiya da halinsa. Wani likita a New York mai suna Norman Orentreich ne ya bayyana wannan a 1959, kafin shi ma wani likitan Japan, Okuda, ya yi irin aikin tun 1939. Amma duk saiwar da aka cire daga ƙeya ta tafi kenan, ba ta sake tsirowa a wajen. Yace min ka ɗauka irin shuka ne a rumbu, kuma rumbun nan ba a sake cika shi har ka koma ga Allah, in ka kwashe shi duka a damina ɗaya, sanƙon kuma ya ci gaba da tafiya baya, da me za ka rufe.

Sai kuma maganar irin gashinmu, wadda dillalin nan ko sau ɗaya bai taɓo ta ba. Gashin Bature ko Balarabe a miƙe saiwarsa take a cikin fata. Namu yadda yake a murɗe a waje haka saiwar take a lanƙwashe a ciki kaman ƙugiya. Abin da ake cirowa da shi a hanyar da suke kira FUE ɗan bututun ƙarfe ne mai kaifin baki, faɗinsa wajen milimita ɗaya, to in mai aikin bai saba da namu ba, ya tura shi a miƙe, sai ya datse saiwar biyu a ciki. An cire maka daga ƙeya, wadda aka dasa kuma matacciya ce, asara biyu kenan. Abin da ya sami mutumin Aksaray kenan a fahimtata. Sai dai muna da tamu ribar, murɗewar gashin tana sa ya rufe fata da yawa, ga launin gashin da na fatar sun yi kusa, saboda haka ba ma buƙatar yawan da mai miƙaƙƙen gashi yake buƙata kafin kai ya yi kyan gani.

Likitan fatar ya kuma sa na cire riga ya duba lambar rigakafi ta damtsena da wani tsohon tabo a ƙafata, ya tambaye ni ko a gidanmu akwai wanda in ya ji ciwo ko aka huda masa kunne wajen yake tasowa ya yi tsiron nama. Wannan matsalar ta fi yawa a baƙar fata, kuma mai irin wannan jikin in aka yi masa huda dubbai a kai yana iya shiga wahalar da ta fi sanƙo nesa ba kusa ba. Alhamdulillahi ni ba ni da shi, amma ina da ƴan ƙurajen nan na ƙeya da ke fitowa bayan aski, yace ba maganar dashe sai sun mutu sarai, kuma in daina bari ana kankare min ƙeya da reza.

Ya ɗora ni a kan magani biyu yace mu ga shekara. Minoksidil na shafawa, da ƙwayar finasterid miligiram 1 kullum wadda take rage DHT ɗin. Bai ɓoye min komai ba, yace wasu maza kaɗan tana rage musu sha'awa ko ƙarfi, in na ga alama in tsaya in dawo, kuma mace mai ciki kar ta taɓa ƙwayar da ta fashe. Na kwana biyu da takardar a aljihu ban saya ba. Daga baya na zaunar da maiɗakina na faɗa mata komai, don abin ya shafe ta, ba ni kaɗai ba. Ta yi shiru sannan tace Abban yara ni fa da sanƙon na gan ka na aure ka, bai taɓa damuna ba, amma na daɗe ina ganin yadda kake yi da hular nan ko a cikin gida, in dai hankalinka zai kwanta ka gwada, in mun ga abin da ba mu gane ba sai a bari. Ban san ta lura ba duk shekarun nan. Na fara sha, ni dai ban ga wata matsala ba, amma wannan jikina ne, ba zan ce wa kowa ya je kemis ya saya ba tare da likita ba. Wajen wata na shida zubar ta tsaya, tsakar kan ma ta ɗan yi duhu.

Bangaren addini ma bai bar ni na huta ba, don na san hadisin da aka la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa. Na sami malaminmu bayan karatun magariba nace Allah gafarta malam ina da tambaya amma ta sirri ce. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaya gashin wani za a sa maka ko na roba, nace a'a nawa ne za a matsar. Yace to wannan ba ƙarin gashi bane, gusar da aibi ne da mayar da abu yadda Allah ya halicce shi, ya kawo min hadisin mutum uku na Banu Isra'ila da ke cikin Bukhari da Muslim, mai albaras da mai sanƙo da makaho, inda mai sanƙon ya roƙi gashi mai kyau mala'ika ya shafe shi aka ba shi, yace da wannan hadisin Shaihu Ibn Usaimin ya kafa hujja da ya halatta dashen. Hajiyarmu kuwa ba ta so ba ko kaɗan. Tace kai ɗan nan lafiyarka ƙalau za ka kai kanka a yanka, kakanka da sanƙonsa ya rayu shekara 80 ba wanda ya raina shi. Ban yi mata musu ba, na bar maganar wata biyu, na sake komawa na yi mata bayani a nutse cewa ba a buɗe kai, ba a sa mutum barci, fata ce kawai. Tace to Allah ya kaimu ya dawo da kai lafiya. Da ba ta ce haka ba da ban tafi ba.

Jiran nan ya ci min kuɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Lokacin da na fasa na farko dala tana wajen naira 750 a kasuwar canji, kafin in shirya a 2024 ta haura 1,500. Ga shi likitan dashen da na zaɓa a karo na biyu ya fi na farko tsada sosai, don mutum ɗaya ko biyu yake yi wa a rana kuma shi da hannunsa yake cirowa. Wata uku ina bincike kafin in yarda da shi. Nace ya nuna min baƙaƙen fata da ya yi wa, gaba da ƙeya, bayan shekara, da askin ƙasa-ƙasa ba da suma ba. Ya turo da yawa, har ya haɗa ni da mutum biyu muka yi magana ta bidiyo na ce su juya min ƙeya. Abin da ya ƙara kwantar min da hankali shi ne da na ce ina son 4,000 sai yace a'a, 2,400 zai yi, gaba kawai, tsakar kai a bar wa magani, layin goshin kuma ba zai sauko da shi ƙasa ba, zai yi min na mutum mai shekaruna wanda in na kai 60 ba zai zama abin kallo ba. Wanda zai karɓi kuɗinka yana ce maka rage, wannan daban ne.

Ranar aikin, watan Oktoba, da sassafe aka ɗebi jinina, aka auna hawan jini da suga, aka aske ni tas. Allurar kashe zafin ita ce wahalar, ba zan yi muku ƙarya ba, an yi min ita zagaye da kai kuma minti goman nan na ji jiki, ina ta salati a zuci. Bayan nan ban ƙara jin zafi ba sai dai ƙarar ɗan injin da motsin hannu. Likitan ya fara da ciro kaɗan ya duba su a madubi don ya ga yadda saiwata ta lanƙwasa, ya canza bakin ƙarfen, sannan ya ci gaba. Awa uku da wani abu ina kife a kan gado fuskata cikin rami, wasu mata biyu a gefe suna ware saiwoyin, mai gashi ɗaya daban, mai biyu daban, mai uku daban, suna ajiyewa a ruwa mai sanyi. Masu gashi ɗaya su ake jerawa a layin gaba don kar ya fito kaman an dasa albasa, masu kauri a baya. Aka ba ni abinci, na yi azahar da la'asar a zaune, aka koma, ya yi ƴan hudoji a gaban kan ɗaya bayan ɗaya, aka dinga cusa saiwar da ɗan hantsaki. Wajen awa takwas gaba ɗaya. Da na tashi wuyana ya fi kan ciwo.

Kwana goman farko su ne ba wanda yake ba ka labarinsu da kyau. Barci a kishingiɗe da filon wuya irin na matafiya, ba juyi, ka farka sau biyar cikin dare kana tsoron ko ka goga kan a jikin gado. Rana ta uku goshina ya kumbura, kumburin ya gangaro har fatar ido, na tsorata na kira su suka ce ruwan allurar ne yake saukowa zai baje, kuma ya baje. An hana ni sunkuyar da kai kwanakin farko, don haka sallah a zaune na yi da nuni, shafar kai kuma dama na tambayi malam tun kafin in tafi yace hukuncin mai rauni ne, in ruwa zai cutar a shafa a kan abin da aka rufe wajen da shi, in ba hali a yi taimama. Wanki kuwa kumfa ake ɗorawa a bari ta jiƙa ɓawon, a zuba ruwa da kofi a hankali, ba cuɗawa. Ga ƙaiƙayi a ƙeya kaman ka yi kuka kuma ba damar sosawa. Na dawo gida daidai shigowar hunturu, ga ƙura ga rana, ga ba halin kafa hula mai kama kai, sati biyu ban fita kasuwa ba, yarana na shago suka riƙe. Maiɗakina ce take wanke min kan kullum da safe, hannunta har rawa yake yi ranar farko.

Sai abin da aka gaya min zai faru amma duk da haka ya girgiza ni. Wajen sati na uku gashin da aka dasa ya fara zubewa, kafin wata biyu kusan duk ya tafi, na koma kaman yadda nake da, har ma ya fi muni don ga jan fata ga ƴan ƙuraje. Duk wanda ya taɓa ganin dashen tumatir ko shinkafa a Kadawa ya san in aka dasa sai ya yi yaushi ya kwanta kaman ya mutu kafin saiwar ta kama ƙasa, na san wannan, likitan ma ya faɗa, silin gashin ne ya faɗi saiwar tana ciki. Amma sani daban, tsayawa gaban madubi da asuba kana tuna kuɗin da ka tara shekara biyu daban. Watan nan na uku na yi shiru sosai a gida, ko yara sun lura. Wata na huɗu na fara jin ɗan kaushi-kaushi in na shafa, wata na shida mai askina ya tsaya da inji a hannu yace yallaɓai layi ya dawo fa, wata na tara na daina ɗaukar hoton kan kullum.

Yanzu wata 14. Gaban ya cika daidai gwargwado, wanda bai san ni da ba ba zai ce an yi wani abu ba. Amma akwai abubuwan da ba su zama yadda na so ba kuma ya kamata ku ji su. Gefen hagu bai kai na dama cika ba, in rana ta haska ina gani. Tsakar kaina har yanzu da sauƙin gashi, kuma maganin nan na sha da na shafawa ba ranar dainawa, in na bari gashina na asali da ke bayan dashen zai ci gaba da zubewa a bar ni da tsibiri a gaba, kuɗi ne duk wata. Saman kaina ya yi wata biyar ba na jin sa sosai in na taɓa kafin ya dawo. Sannan ƙeya, da ɗan gashi ba a ganin komai, amma da na yi tal-kwabo sau ɗaya don in gani, ɗige-ɗigen suna nan farare ƙanana, duk wanda yace maka FUE ba ya barin tabo bai faɗa maka gaskiya ba. Na riga na san in Allah ya sake kira na Makka na yi aski za a gan su, kuma na yarda da hakan.

Hula kuwa ina sawa har gobe, ai adonmu ce, ranar Juma'a ba na fita ba ita. Bambancin kawai yanzu in zafi ya dame ni a shago ina cire ta in ajiye a kan teburi in ci gaba da ciniki, alwala ma a nutse nake shafar kaina, na koma ƙwallon yamma.

Ƙanina na uku shekararsa 24, nasa ya fara tun bara, shi ma gefe biyun nan. Satin da ya wuce ya same ni a mota yace Yaya don Allah ka haɗa ni da mutanen nan, na fara tara kuɗi, ya nuna min wani talla a wayarsa an rubuta saiwa 6,000 a zama ɗaya. Na karɓi wayar na kashe, na juya masa ƙeyata nace ya kunna fitila ya duba da kyau, sannan na ba shi labarin mutumin Aksaray tun daga farko. A shekarunsa ba wanda ya san inda sanƙon zai tsaya, in aka dasa masa yanzu nan da shekara biyar zai nemi wani, rumbun kuma ya riga ya yi ƙasa. Bai ji daɗi ba, ya yi shiru har muka iso gida. Na riga na karɓar masa kati wajen dattijon likitan nan, ranar Talata da safe zan biya in ɗauke shi mu je tare.